Wutar da Noreen Ta Haɗa

Ranar Talata aka aiko wa matata saƙo, ita kuwa tana kwance a maƙabartar garinmu Duluth tun lokacin kaka. Kamfanin wasan bidiyon da take bugawa ne ke sanar da ita, cikin ladabi, cewa ranar Juma'a za su goge duk tsoffin sihirin da 'yan wasa suka haɗa da kansu.

Ni adabi na koyar har na yi ritaya, ban taɓa ganin amfanin kashe dodannin ƙarya ba. Amma na so in ga abin da Noreen ta ƙera kafin a share shi. Na kunna na'urar, na shiga wasan da sunanta, na maƙala abin magana a kunne. Nan take wata murya ta faɗo min.

"Kai wane ne a jikin Noreen?"

"Mijinta."

"Au, Farfesa! Ni ce Delphine, daga Louisiana, abokiyar yaƙinta. Ashe kana iya fitowa daga ɗakin littattafai?"

Ta nuna min yadda abin yake. Kana zaɓar tushe, wuta ko ƙanƙara ko iska, ka ba shi siffa, sannan ka ɗaura masa hali. Kowa yana sa tasa wutar ta tafi kai tsaye kamar kibiya. Noreen kuwa ta ɗaure tata da motsin babban yatsa, duk inda ya karkata wutar ta bi.

Wani dodo ya tunkaro ni, na harba wutar tata. Wani siririn zare ya fita, ya ɗan taɓa dodon. Dodon ya tattake ni.

"Wannan ne kuke ta yabo?" na ce.

"Dattijo, hannunka ne ya cika natsuwa. Ka manta yadda nata yake?"

Ban manta ba. Ni na sayo mata kofi mai murfi lokacin da rawar hannun ta hana ta shan shayi lafiya.

Na gwada girgiza yatsa da gangan. Zaren ya yi lanƙwasa biyu ya mutu.

"Ƙarya kake yi, wasan ya gane ka," in ji Delphine tana dariya. "Ba a garin sanyi kake ba? Fita waje mana."

Na fita bayan gida ba safar hannu, na cusa hannuwana cikin dusar ƙanƙara har haƙorana suka fara kaɗawa. Maƙwabcina ya leƙo, ya saki labule. Na dawo hannuwana na rawar sanyi, da ƙyar nake riƙe na'urar, na danna.

Wutar ta tsage gida-gida, ta saƙu kamar raga, ta rufe dodon da duk yaransa. Allon ya yi ja. 

Likitocinta sun ba ta magani, ni na ba ta tausayi, kuma babu wanda ya yi aiki. Da tana nan, tambaya ɗaya zan yi mata: Noreen, yaya aka yi kika gano wannan?