Sa Hannun Sifana

Ƙafafun Sifana kaɗai ake gani, sauran jikinsa na ƙarƙashin bas mai lamba bakwai, lokacin da manaja ya zo ya tsaya masa a kai yana huci.

"Kai! Ƙarfe tara ta wuce, ko mota ɗaya ba ta fita ba!"

"Aiki nake, yallaɓai," in ji murya daga ƙasa. "Ba shi kuka ce a yi ba?"

Ai kuwa shi aka ce. Kwana tara direbobi da makanikai na kamfanin bas suna yajin aiki, ba don komai ba sai a gyara birki, a canza tayoyin da suka suɗe kamar tsakiyar kan manaja. Rana ta goma gwamnati ta sako sabuwar doka: sufuri ya shiga ayyukan da ba a yi wa yaji. Aka danna wa ofishin ƙungiyar ma'aikata kwaɗo, aka ce duk wanda bai dawo ba ya kori kansa. Da safe kowa ya dawo, fuska a murtuke.

To amma fa akwai wata takarda. Bas ba ta barin gareji sai mai duba lafiyar mota ya sa hannu a fom mai layi talatin da biyu, kuma mai dubawar nan Sifana ne. Shekara shida yana sa hannun a tsaye, bas arba'in kafin shayinsa ya huce. Yau sai Allah ya ba shi ikon karanta fom ɗin.

Ya gangaro waje, ya goge hannu a wando. "Lamba ɗaya ba birki. Lamba biyu akwai birki, amma sai ka roƙe shi. Lamba uku kuwa, hon ne kaɗai mai lafiya a jikinta."

Direbobin da ke zaune kan tsofaffin tayoyi suka tuntsire da dariya. Kowannensu na riƙe da makullinsa a hannu, don kar a ce bai shirya ba.

Ana haka sai ga jami'in ma'aikatar ƙwadago, fayil a hammata, yana ɗaga ƙafa kar baƙin mai ya taɓa masa takalmi.

"Kai ne kake yajin aiki?"

"Ni? Allah ya kiyaye, ranka ya daɗe! Dubi rigata. Ka taɓa ganin mai yaji da wannan zufar?"

"Sashe na sha huɗu na sabuwar doka ya haramta jan ƙafa a wurin aiki."

"Ai ban karanta sashe ba, fom na karanta. Shi ma tambarin gwamnati ne a samansa. Wanne ne babba a cikinsu, in bi shi?"

Yayar Sifana, wadda ke sayar da tikiti a taga, ta taho da sauri ta ja shi gefe.

"Auta, ka rufa mana asiri. Cikin matarka wata takwas ne. Ka sa musu hannu mu wuce wurin."

"Yaya, wace bas kike hawa in an tashi?"

"Lamba shida."

"Na shiga ƙarƙashinta ɗazu. Yau ki tafi a ƙafa."

Ta sake masa hannu. Amma ba ta koma taga ba.

Jami'in ya zaro takardar sallama daga fayil, ya rubuta sunan Sifana a gurbin da aka bari. An riga an buga ta tun daga ofis, da hatimi da komai. Ya ɗora ta kan bencin aiki, kusa da fom ɗin lamba bakwai, ya ajiye biro a tsakani.

"Zaɓi ɗaya. Fom, ko sallama."

Gareji ya yi tsit. Sifana ya ɗauki biro. Ya jawo fom ɗin, ya gangara layi na biyar, ya rubuta da manyan baƙi: BA BIRKI. Sannan ya sa hannu a ƙasa.

"Shi ke nan," in ji jami'in, ya juya ga manaja. "Kira wanda zai maye gurbinsa."

Manaja ya sosa ƙeya. Ya matsa kusa, ya yi ƙasa da murya, amma a shirun nan kowa ya ji. "Yallaɓai, shi kaɗai ke da satifiket ɗin dubawa. Mun daina tura mutane kwas tun tuni."

"Kwas ɗin kwana nawa ne?"

"Wata uku."

Jami'in ya dubi layin motoci arba'in. Ya dubi ƙofa, inda fasinjoji suka fara jijjiga ƙarfen shinge. A hankali ya ninke takardar sallamar, ya mayar da ita fayil, ya gyara murya.

"Kowace mota, minti nawa take ɗaukarka?"

Sifana ya riga ya kwanta, rabinsa ya shige ƙarƙashin lamba takwas.

"Awa ɗaya, ranka ya daɗe. In ba a katse ni da hira ba."