Katakan Baba Ruben

Da katakan Baba Ruben aka dafa shinkafar makokinsa. An yi haka ran Asabar da hantsi, a gidansa da ke Sabon Gari, Keffi, lokacin da gawarsa take coci. Maƙwabciyarsa Huraira ce ta fara lura, don hayaƙin da ya tsallako katanga warin tawada yake yi.

Baba Ruben mai zane ne, amma da wuƙa. Yakan sassaƙa hoto a katako, ya shafa tawada, ya ɗora takarda ya murza da bayan cokali har hoton ya fito. Duk ƙarshen damina sai ya rataya jaka ya ɓace, ya dawo da guntun ice. Ba ya sassaƙa wuri sai a kan icen da ya tsiro a wurin.

"Dubi jijiyar icen nan, Huraira," yakan ce. "Haka rafin yake karkata. Ni bi kawai nake."

Takardun da ya buga, wasu an sayar, mafi yawan sauran gara ta ci. Katakan ne suka rage a ƙarƙashin gadonsa. Wasu wuraren ma babu su yanzu. Wani dutse na hanyar Panda da ya sassaƙa hotonsa, masu fasa dutse sun kwashe shi a tifa zuwa Abuja.

Huraira ta shiga gidan ba sallama. Keziya, matar ɗansa Israel, tana tura katako ƙarƙashin tukunya, 'yan zumuntar mata na coci suna yanka albasa.

"Maman Peculiar, me kuke sa wa wuta?" ta tambayi Keziya.

"Ai Hajiya, Allah ne ya taimake mu. Ruwan jiya ya jiƙa mana ice. Waɗannan kuwa kamar fetur."

"Aikinsa ne fa!"

"Aikinsa yana falo cikin firam. Wannan baƙin tarkace ne. Mutane za su taso daga maƙabarta da yunwa, hoto za su ci?"

Wata tsohuwa ta yi dariya. "Yawo dai, yawo dai. Yau kam Baba ya ciyar da jama'a."

Huraira ta kira Israel a waya.

"Inna, muna tsakiyar addu'a," ya ce a hankali. "Don Allah ki bar su su yi girki."

Ta durƙusa ta janyo guda daga murhu, ta kwara masa ruwan wanke shinkafa. Rabinsa ya zama gawayi. A ɗaya rabin akwai gefen wani tudu da siririyar hanya tana hawa.

Da yamma ta nuna wa masu gaisuwa. Wani ya ce bayan Panda ne, wani ya ce can wajen Akwanga. Israel ya juya shi sama da ƙasa, ya miƙa mata.

Katakon yana jingine a zauren Huraira. Har yau ba a sami wanda ya san wurin ba.