Ranar da Kwamfuta Ta Nemi Sailuba

Idrissa mutumin Maraɗi ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tuƙin tasi a Washington kafin ya buɗe ɗan kamfaninsa a Manassas, motoci biyar masu kai tsofaffi asibiti su mayar da su gida. Kowace safiya yakan danna maɓalli ɗaya a kwamfutar buronsa, wato ofishinsa, takardar aikin rana ta fito a allo da sunan kowane tsoho, adireshinsa, da direban da zai ɗauke shi. Sai ya buga ya raba wa direbobi. Iyakar saninsa da kwamfuta ke nan, kuma bai taɓa jin ya gaza ba.

Wata Juma'a a watan Yulin 2011 suka yi faɗa da sakatariyarsa Sailuba a kan na'urar sanyaya ɗaki. Ita ta ce zafi zai kashe ta, shi kuma ya ce abin da ake kira zafi a Virginia, a garinsu lokacin shan iska ne. Magana ta yi tsawo, ta ɗauki jakarta da kofin shayinta ta ce ta bar aikin. Washegari ya zo da sauran fushinsa ya kwashe duk abin da ke kan teburinta da ƙarƙashinsa, har da wata tsohuwar kwamfuta baƙa da take ɗora ƙafa a kai, ya zuba a but ɗin motarsa da niyyar kaiwa bola.

Ranar Litinin ya danna maɓallinsa, allo ya fito fari fat. Sai wani ɗan akwati ya bayyana yana cewa an kasa samun SAILUBA, a tabbatar tana nan kuma tana amsawa. Ya kashe kwamfutar ya kunna, ya hure ƙurar maɓallan, ya sauya takardar firinta. Akwatin ya dawo da maganarsa. Gregory, direban da ya fi kowa daɗewa a wurin, ya leƙo ya karanta sau biyu, ya ce shi dai a ganinsa na'urar ta zaɓi ɓangarenta a rigimar.

Dole direbobi suka fita da abin da suka tuna. Kafin ƙarfe tara ɗayansu, Almu, ya bugo waya ya ce ya kai wani dattijo asibiti, ashe mutumin ba shi da ganin likita sai Alhamis. Ya ga mota ce kawai ya shiga, yanzu kuma ya ce tunda an fito a biya da shi ya ga kogi.

Idrissa ya kira Khalil, injiniyan da ya rubuta masa manhajar tun yana karatu a College Park. Khalil yana da ɗabi'ar raɗa wa kowace kwamfuta sunan wanda ke zama kusa da ita, kuma a baƙar nan ta ƙarƙashin tebur ya ajiye duk bayanan kamfanin. Bai taɓa gaya wa Idrissa ba. Yana tsakiyar taro a wurin aikinsa, don haka ya fito baranda yana magana da sauri.

"Kawu, ina Sailuba take yanzu?"

"Tana Lanham, gidan yayarta."

"Me ya kai ta Lanham? A dawo da ita inda take, a jona mata waya, a bar ta ta ɗan yi ɗumi. Kada a ƙara motsa ta."

Ya kashe wayar. Idrissa ya ajiye tasa. Bai gane zancen jona waya ba, amma ya gane cewa sai ya je ba da haƙuri, kuma wannan ya fi masa ciwo. Ya tsaya a kanti ya sayi 'yar fanka ta tebur a matsayin kado, wato kyauta, ya kama hanya, ya yi awa ɗaya da rabi cikin cunkoso yana bitar abin da zai faɗa.

Sailuba ta gaishe shi kamar yadda ya kamata, ta ba shi kujera da ruwa mai ƙanƙara. Ya faɗa mata abin da allon ya rubuta da abin da Khalil ya ce, har da maganar ɗumi. Tun a nan ta gane komai, amma ta haɗe hannuwa ta bar shi ya ci gaba. Ya ce ya yi kuskure, ya ce Virginia ma tana da nata zafin, ya ce bai san darajarta ba sai da na'ura ta kira sunanta. Da ya tsaya ta tambaya ko akwai saura, ya ƙara kaɗan. Sai ta karɓi fankar ta duba ta, sannan ta ce, "Alhaji, baƙar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburina, ina ka kai ta?"

Suka fita tare ya buɗe but. Ga ta nan kwance tsakanin tayar safaya da tabarmar sallarsa. Sailuba ta nuna masa 'yar takardar da aka manna a gefenta, sunanta a kai da rubutun Khalil. Idrissa ya rufe but ɗin a hankali, ya tambaya ko zai iya karɓar rabin haƙurin da ya bayar. Ta ce an riga an karɓa.

Ta bi shi Manassas don ta san inda kowace waya ke shiga. Aka jona, kwamfutar ta yi gurnani ta tashi. Idrissa ya danna maɓalli, wani sabon akwati ya fito, wannan karon yana neman kalmar sirri ta shiga bayanan. Sailuba ta ce ta manta. Ta faɗa da sauri ƙwarai, tana gyara mayafi. Aka sake kiran Khalil, Idrissa ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Khalil ya ce yana da ita a rubuce, Sailuba ce ta zaɓa shekara uku da suka wuce, ya fara karantowa harafi bayan harafi, Idrissa yana dannawa da yatsa ɗaya. Sai da ya kai ƙarshe ya haɗa haruffan a ransa, ya ga sun ba da "sanƙon Alhaji".

Takardar ta fito tsaf, kowane suna a layinsa. Gregory, da ya leƙo a kan hanyarsa ta ɗaukar wani tsoho, ya tambaya me kalmar ke nufi, Idrissa ya gyara zaman hularsa ya ce sunan wani gari ne kusa da Maraɗi. Sailuba ta duba takardar ta ce Madam Edna tana da likitan ido ƙarfe biyu, saura minti ashirin, kuma duk motocin suna waje. Idrissa ya ɗauki makullinsa ya tafi ɗaukarta da kansa.