Kaza a Tukunyar Iska

Ranar da aka fitar da tsohon obin ɗin gashi daga kicin, Baba Kuku yana yanka albasa, bai ɗago kai ba. Ya ji Direba ya zare filogi, ya ji tiren ciki yana kaɗawa har aka fice da shi ta ƙofar baya. Shekara goma sha ɗaya ƙaramin obin ɗin nan mai fanka yana kan kanta, kusa da taga. Wayarsa ce ta fara ƙauri, Auta ta ce a ba masu sayen ƙarfe tun bai ƙone musu gida ba.

Auta ita ce ƙaramar 'yar gidan. Ta baro inda take aiki ta dawo jinyar mahaifinta, da akwati biyu da wani kwali. Abin da ke cikin kwalin shi ta ɗora a gurbin obin: baƙi, mai santsi, da aljihu a gaba kamar na durowa.

"Eya-furaya sunanta, Baba. Iska mai zafi ce ke gashin, ba ruwanka da mai."

Direba, da ya dawo yana kakkaɓe hannu, ya leƙo. "Ikon Allah. Da can iska shanta ake yi, yanzu har girki ta iya. Baba Kuku, an kawo maka abokiyar aiki, ba ta cin abinci, ba ta zuwa gaisuwar mutuwa."

"Kai ma ana nan ana ƙera motar da ba ta son direba," in ji Kuku.

Daga ranar kowa a gidan tukunyar iska yake ce mata.

Auta ta manna takarda a jikin kabad, ta bi ta da yatsa tana karantawa. Duk abin da ya saba gasawa a obin, ya rage masa zafi digiri ashirin, ya rage kashi ɗaya cikin biyar na lokaci. Kada ya cika kwandon, kada ya ɗora wani kan wani. In an kai rabi ya zaro ya juya.

"Cinyar kazar Abba, da kake yi a ɗari biyu minti talatin, yanzu ɗari da tamanin ne, minti ashirin da huɗu. Na rubuta maka duka, har kifi da dankali. Ka gani?"

"Na gani."

Abin da ya gani wani abu ne fari-fari a jikin ruwan ƙasan kabad.

Shekara uku ke nan idonsa yana tafiya. A asibitin ido an ɗiga masa magani, an haska, likita ya ce jijiya ce ta lalace, abin da ya tafi ya tafi. Matarsa kaɗai ta sani. Suna zaune a ɗaki ciki da falo a bayan gidan, kusa da tankin ruwa, ita da ƙafar da ba ta kai ta ko bakin get. Ɗakin na mai aikin kicin ne. Ranar da ya daina zama mai aikin kicin, ɗakin ya daina zama nasa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, kuma ba ya bukatar a rubuta.

Babu wanda ya lura, domin kicin ɗin a hannunsa yake. Gishiri taku biyu daga murhu, wuƙa a hagun katako, bakinta yana kallon bango. Obin kuwa shi ne ya fi rufa masa asiri. Makunni biyu gare shi, masu tudu. Na zafi yana da ɗan tsagi, in tsagin ya kalli taga ɗari biyu ke nan, in ya kalli sama ɗari da sittin. Na lokaci yana tafiya ƙas-ƙas-ƙas har ya buga ƙararrawa. Yakan sa bayan hannu kusa da gilashin ya ji zafin. Kuma kaza tana magana: da farko tana tsartuwa da ƙarfi, ruwa na fita, in ta nuna sai muryar ta koma ƙasa-ƙasa. Da kunne yake sauke ta.

Tukunyar iska ba ta da makunni. Fuskarta gilashi ne sumul, wasu jajayen ɗige-ɗige suna kunnuwa a ciki. Ya shafa daga gefe zuwa gefe bai ji komai ba sai ƙara, ƙit, ƙit, duk inda yatsa ya sauka.

"Sake nuna mini, Auta. Ƙwaƙwalwar tsoho."

Ta sake, sau uku. Ya kasa kunne, ya bi inuwar hannunta. In an kunna, a ɗari biyu take tashi da minti goma sha biyar. Gefen hagu zafi, kowace ƙara digiri biyar, ƙara huɗu ta kai ɗari da tamanin. Gefen dama lokaci, ƙara tara. Da ta fita ya auna wurin da yatsunsa daga bakin gilashin, uku a hagu, uku a dama, ya riƙe a kansa.

Cinyar kaza ita kaɗai ta rage wa Maigida, mahaifin Auta. Tun da aka fara yi masa ƙarin ruwan maganin ciwon daji, dafaffen nama ƙarni yake masa, soyayye likita ya hana. Bakinsa duk gyambo. Sai gasasshiya mai laushi, wadda za a mutsuttsuka da cokali. Likita ya kuma ja kunnen Hajiya, matar gidan, ita kuma ta zo kicin ta ja nasa: jikin Maigida yanzu ba shi da garkuwa, naman da bai nuna ba zai iya kai shi inda ba a dawowa.

Ranar farko kazar ta fito da baƙin gefe. Bai gani ba, ya ji a hanci, amma sai da ya zaro kwandon, domin tukunyar tana riƙe ƙauri har sai an buɗe. Fankarta kuwa kamar injin niƙa. Ya kara kunne a jikinta har ya ji zafi a kumatu, muryar kazar ba ta fitowa.

Rana ta biyu ya yi tunanin ko wajen nuna, ciki bai nuna ba. Ya ƙara minti biyar. Ta fito kamar tafin takalmi.

Haka aka yi kwana shida. Ya jiƙa ta a madara, ya shafa mata mai kaɗan a ɓoye, ya juya ta sau biyu maimakon ɗaya. Tire yana tafiya sama yana dawowa kusan yadda ya tafi.

Rana ta shida shi ya kai tiren da kansa. Matakala goma sha bakwai, ya san su. Maigida yana jingine da filo, muryarsa ta zama siririya.

"Tsoho, ni kake rama wa? Me na yi maka shekara ashirin da ka ɓoye sai yanzu?"

"Ranka ya daɗe, tukunyar ce ba mu gama gaisawa ba."

"To ku gaisa da wuri. Ni ba ni da lokacin jiran surukuta."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Hajiya ta biyo Kuku har bakin matakala, ta rage murya.

"Malam Kuku, an auna shi jiya, ya sake raguwa. Sun ce in bai ci ba za su dakatar da maganin. Ka ga takarda an rubuta maka, yaro ma zai bi. Ko ba ka son abin ne don Auta ce ta kawo?"

"Wane ni, Hajiya."

"To gobe ina son in ga ya ci. Ban taɓa yi maka irin wannan magana ba, kada ka sa in maimaita."

Da ya koma ɗaki da daddare matarsa ta ce ya faɗa musu maganar idon kawai. Mutanen kirki ne.

"Mutanen kirki ne," ya ce. "Ke za ki bar makaho ya riƙe wuƙa a kicin ɗinki, ga mara lafiya a sama?"

Ta ci gaba da murza gwiwarta.

Washegari da hantsi ya wanke cinyoyi biyu, ya tsane su, ya sa gishiri kaɗan, ya jera su nesa da juna. Yatsa uku a hagu, ƙara huɗu. A dama bai taɓa komai ba. Tunda ashirin da huɗu tana busar da ita, bari ya bar ta a sha biyar. Da ya ƙiyasta rabi ya juya. Tukunyar ta yi kukanta ta tsaya.

Ƙamshin daidai ne. Ya taɓa fatar, ta yi rumus, babu ƙuna. Ya danna, naman ya dawo da laushi. Rabon da ya ji irin wannan a ƙarƙashin yatsa tun tsohon obin yana nan.

Ya ɗora ɗaya a katako ya tsaga har ƙashi. Ya sa ɗan yatsa a ciki. Akwai zafi, amma ba irin zafin da ke sa a janye hannu ba. Akwai santsi kusa da ƙashin. Zai iya zama kitse. Cinya tana da kitse a nan. Ya kai katakon taga, ya kusanto da shi har hancinsa ya kusa taɓawa. Wani abu mai duhu-duhu a kan wani abu mai haske. Ya gutsura ya sa a baki, ya tauna a hankali. Gishiri, ɗumi, laushi. Harshen bai ce masa komai ba.

Zai iya mayar da ita. Minti nawa? Uku ba za su isa ba in ɗanya ce, goma za su mayar da ita irin ta jiya. Kuma bai san me ke kashe masa kaza a tukunyar nan ba, balle ya san inda zai tsaya.

Zai iya rufewa ya kai sama. Mai yiwuwa ta nuna. Maigida zai ci, Hajiya ta saki fuska, gobe ya sake yin sha biyar.

Ya tsaya riƙe da wuƙa har agogon falo ya buga ɗaya. Direba ya tafi karɓo magani. Kuku ya ji takun silifas a baranda.

"Baba, an gama? Abba ya ce yau yana jin yunwa, wai ƙamshi ya kai masa." Auta ce, da murna a muryarta. "Kai, ka ga yadda ta yi kyau! Na faɗa maka za ka saba."

Ta jawo tire ta fara jera faranti. Ya ajiye wuƙar.

"Auta. Zo ki duba mini nan."

"Me?"

"Wajen ƙashin. Wane launi ne?"

Ta matso. "Subhanallahi, Baba, ai jini ne wannan! Ja wur. Ɗanya ce. Ba ka ga..."

Ba ta ƙarasa ba. Ya ji ta juya wajen tukunyar, ƙit, ta kunna.

"Nuna mini yadda kake sa ta."

Ya auna yatsa uku, ya danna sau huɗu.

"Wannan na ƙarawa ne. Na ragewa yana ƙasa da shi. Ta riga ta kai ƙarshe, ƙara kawai take yi, lambar ba ta motsi. Duk kwanakin nan a ɗari biyu kake gasawa." Ya ji ta juyo gare shi. "Baba, lamba nawa ke rubuce a nan?"

"Ban sani ba."

"Takardar fa?"

"Ban taɓa karanta ta ba."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku."

Ya ji ta ja numfashi. Bai san me fuskarta ke yi ba. Ta ɗauki cinyoyin ta mayar kwando, ta danna da kanta, ɗari da saba'in, minti takwas, ta faɗa da ƙarfi kamar mai karanta wa ɗan makaranta. Suka tsaya gefe da gefe fanka tana kuka. Da ta tsaya ta tsaga, ta ce fari ne har ƙashi.

Ya miƙa hannu zai ɗauki tiren.

"Bari, Baba. Ni zan kai."

Maigida ya cinye guda da rabi. Kuku ya sani ne domin shi ya wanke farantin.

Bayan la'asar Hajiya ta sauko kicin, abin da ba ta cika yi ba. Ba ta zauna ba.

"Auta ta gaya mini. Me ya hana ka faɗa?"

"Abin da ya sa kika zo yanzu, shi ya hana."

"Da ka kai masa fa?"

"Ban kai ba."

"Yau ba ka kai ba." Ta rage murya. "Ba zan gaya masa yanzu ba, zai ce a bar ka, kuma ba zan iya ba. Za mu kai ka wajen wani likitan a sake dubawa. Akwai wata mata da ƙanwata ta sani, za ta fara aikin kicin ranar Litinin. Daga nesa take, sai an ba ta wurin kwana. Ba cewa na yi gobe ba, Malam Kuku. Zuwa ƙarshen wata."

"Na gode, Hajiya."

"Kafin nan ka bar wuƙa da wuta. Auta za ta yi."

Ya cire rigar aiki ya rataye a ƙusa. Ya bi ta bayan tanki, hannunsa a jikin bango. Matarsa tana zaune a ƙofa, ta miƙe ƙafa a kan tabarma.

"Yau ka taso da wuri. Ya ci?"

"Ya ci."

"Alhamdu lillahi."

Ya zauna a kan dakali, ya cire takalmi ɗaya.

"Ki kira ɗan'uwanki gobe da safe," ya ce. "Ki tambaye shi ko shagon nan na bayan gidansa har yanzu babu kowa a ciki."