Saniyar Laka

Tun hantsi ruwa ya tsuge a Sandamu, ya hana kowa fita. A rana irin wannan, ɗakin Iya Kande jikokinta uku suke tarewa, ta yi ta fere musu karan dawa: mota ga Ikrima, gadon 'yar tsana ga Raihana, Sabiru ɗan auta kuwa a ba shi guntaye ya yi ta karyawa.

Amma yau ruwan ya tare Hasana, kakar yaran ta wajen uwa, wadda ta zo daga garin Babban Mutum. Matar nan ta ɗebo laka a gindin katanga, ta murza saniya har da tozo. Shi ke nan yara suka koma wajenta a rumfa, suka bar Kande da tulin kara.

"Sai sun yi mura hankalin wasu zai kwanta," in ji Kande da ƙarfi, tana haɗa motar da ba wanda ya tambaya.

Can sai ga Sabiru ya nufo ta, yana tallafe da 'yar saniyarsa. Zuciyar Kande ta yi sanyi. Ashe yaron bai manta bayan da ya goya shi ba! Ta miƙa hannu biyu.

"Iya, ki sa mini ita kusa da murhunki ta bushe. Kaka Hasana zan ba ta tafi da ita."

Kande ta karɓa, ta jujjuya ta.

"To. Je ka abinka."

Ta ajiye ta a bakin ƙofa, daidai inda indararo yake zuba.