Shuɗin Fensirin Orville Stroud

Kwaɗayin a ce ka iya alƙalami, shi ya kayar da Lyman Pettibone, kuma ba wanda ya tura shi.

A garinmu da ke jihar Ohio, zamanin da mota ta fara korar doki daga titi, jarida ɗaya ce, mai fitowa da la'asar. Orville Stroud ke duba kowane layi kafin ya je injin bugawa. Shekara talatin da ɗaya yana kan kujerar nan, gwiwa ɗaya ta lalace, shuɗin fensir a bayan kunne. Dokarsa guda ce: duk wanda ya yi magana, a rubuta "ya ce". Gwamna ya ce, ɓarawon kaji ya ce. Hukunci na mai karatu ne.

Pettibone kuwa daga Chicago ya zo, da gashin baki a murɗe, aka ba shi labaran kotu da na gobara. Ran Talata bargar wani manomi, Amos Teegarden, ta ƙone da dawaki biyu. Pettibone ya rubuta cewa Amos "ya amsa" ya shiga bargar da fitila.

Stroud ya soke, ya kira shi.

"Mista Pettibone, wa ya tuhumi Amos?"

"Ba kowa tukuna."

"To me ya amsa? Mutum ya je duba goɗiyarsa mai ciki, aka tambaye shi, ya faɗa. Ka sa 'ya amsa', gari ya ji shi ya cinna wutar."

"Haba tsoho! Ya ce, ya ce, ya ce, kamar kukan agwagwa. A Chicago ko kifi ba za a naɗe da wannan ba."

"To koma can ka naɗe kifin. Nan kowa ya san ƙofar gidan Amos."

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Da azahar Stroud ya fita shan miyar wakensa, sai Pettibone ya sauka wurin mai jera haruffan bugawa ya ce tsoho ya sake shawara. Aka mayar da kalmar.

Ƙarfe uku Stroud ya ɗauki jarida yana karantawa a tsaye kamar kullum, sai ya gani. Ya sa aka tsayar da inji, amma kwafi ɗari biyu sun riga sun fita. Bai zagi kowa ba. Hula ya ɗauka da sanda, ya bi titi yana ɗingishi, daga kantin magani zuwa otal, yana karɓe su ɗaya-ɗaya. A shagon aski ya tarar da Elmer Voight, kumfa a haɓa, yana cewa, "Ashe Amos da kansa ya..."

Stroud ya zare takardar daga hannunsa. "Rufe bakinka, Elmer, kada aska ta shiga. Amos bai amsa komai ba. Ƙarya ce ta wuce ta teburina."

Magana zarar bunu ce. Kwafi talatin da bakwai sun riga sun bi jirgin ƙasa zuwa ƙauyuka. Saboda su, washegari ya buga gyara a shafin farko da manyan baƙaƙe, da sunansa shi kaɗai a ƙasa. Sannan ya hau keken doki har gonar Amos, ya cire hula a tsakiyar toka.

Amos ya dube shi. Ya ce, "Jiya matata ta kasa zuwa kanti, Orville."

"Na sani. Gobe ni zan raka ta."

Ya kuwa raka ta, ya riƙe mata kwando, gari yana kallo. Ran Lahadi a coci mutane suka yi layi suna ba Amos hannu.

Pettibone ba a kore shi ba. Amma kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ya rasa labaran kotu. Ya rasa teburinsa na bakin taga. Aka cire sunansa daga saman rubutu, mai jera haruffa ya daina amsa gaisuwarsa, kuma shekara shida cur ba abin da ya rubuta sai farashin masara da lokacin isowar jirgi.