Bakin da Bulbul Yake Shan Ruwa

Saura kwana uku a ɗauke Baba Sonaullah daga tafkin Nigin, inda yake zaune a gidan jirgi, wato gidan katako da ke kan ruwa. Likita ya ce ƙirjinsa ba zai ƙara ɗaukar wani hunturu a kan ruwa ba, 'yarsa kuwa ta riga ta share masa ɗaki a gidanta na cikin gari, kusa da asibiti. Tsohon bai yi musu ba. Abu ɗaya kawai ya roƙa wajen ɗansa Shaukat: kafin ya tafi, yana so ya shiga Bulbul, su zaga tafkin sau ɗaya.

Bulbul jirgin inji ne na katako, ja kamar dabino. A zamanin da baƙi masu yawon buɗe ido suke cika gidajen jirgi, da shi Baba yake jan masu sulu a kan ruwa, mutum ya tsaya bisa katako riƙe da igiya, jirgi na gudu da shi. Daga baya baƙi suka ɗauke ƙafa, idon Baba ya dushe, aka ja Bulbul ƙarƙashin rumfa. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Shaukat matuƙin kwale-kwale ne, ba makanike ba, amma wata biyu ya yi yana fama. Ya goge katakon da samfefa har fatar yatsunsa ta saɓule, ya shafa man ƙyalli shafi bakwai, kowane shafi sai ya bushe ya bi shi da tsumman tsohuwar rigar ulu, yadda ya ga uban yana yi. Ya wanke tankin mai, ya sauya fulogi, ya aro batir. Ƙasan jirgin kuwa Kawu Gulla ya bar wa, ƙanin mahaifiyarsa marigayiya, wanda duk unguwar ba mai toshe yoyon kwale-kwale kamarsa.

Aka tura jirgi ruwa, ko ɗigo bai shiga ba. Inji ma ya tashi. Sai dai ba ya yin minti huɗu sai ya ɗau zafi, warin roba ya turnuƙe, dole a kashe. Sau biyu Shaukat yana buɗe famfon ruwa yana tarar da 'yar fankar robar ciki ta narke. Ta ukun da ya samo da ƙyar a wajen wani mai tsofaffin kaya, ita ce ta ƙarshe a garin, tana aljihunsa, yana tsoron sa ta.

Bai gaya wa Baba ba. Kullum can bayan gonar bado yake kai jirgin ya gwada, don kada tsohon ya ji.

Ranar Laraba da hantsi su uku, Baba da Shaukat da Kawu Gulla, suna zaune a barandar gidan jirgi, ana shan shayin gishiri da gurasa mai ɗumi. Baba ya rungume ɗan kaskon garwashinsa na jin ɗumi cikin babbar riga, ko da yake sanyi bai fara ba.

"Shaukat, yau kwana nawa kake ɓoye mini Bulbul?"

"Baba, ƙyallin ne bai gama bushewa ba."

"Ƙyalli ne yake warin roba? Idona ne ya tafi, hancina yana nan."

Kawu Gulla ya ƙyalƙyale da dariya, ya tsoma gurasa a shayi. "Yaya, ka haƙura. Jirgin nan ya tsufa kamar mai shi. Zo in zaga da kai a kwale-kwalena, har da matashin kai zan sa maka."

"Kwale-kwalenka? Agwagwa ma wuce ka take yi. Kawo Bulbul nan, Shaukat. Ka tayar, in ji."

Shaukat ya jawo jirgin da igiya har gindin baranda, ya sa fankar ƙarshe. Ya murɗa makulli. Inji ya yi tari biyu ya kama.

Baba ya karkata kai. Bai fi numfashi biyar ba ya ɗaga hannu.

"Kashe! Kashe maza!"

Shaukat ya kashe.

"Wannan ba muryarsa ba ce," in ji tsohon. "Bulbul in yana da lafiya, kurkure baki yake yi, yana tofar da ruwa ta salansa. Wannan busasshen tari ne. Ƙishirwa yake ji. Wa ya taɓa ƙasansa?"

Kawu Gulla ya gyara zama, ya bugi ƙirji. "Ni. Kuma ka tambayi ɗanka ko ɗigo ya shiga. Har wani mugun wuri na tarar ta hannun dama, ƙarfe duk huda-huda kamar rariya. Na cusa masa auduga, na bi da kwalta shafi uku. Wannan har jikokinka ba zai yi yoyo ba."

Baba ya ajiye kofi a hankali. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Shaukat ya zaci tarin ne ya taso, ashe dariya ce, irin wadda rabonsa da jin ta tun mahaifiyarsa tana raye.

"Gulla, Allah ya shirye ka. Bakinsa ka liƙe! Ta nan yake shan ruwan da ke sanyaya shi. Shekara goma kana tsaye a bayan jirgin nan kana yi wa matan Turawa gwaninta, ba ka taɓa tambayar ta ina yake sha ba?"

"To ni na sani? Tun kakanmu, in ka ga huda a ƙasan jirgi, toshewa ake yi!"

Shaukat shi ma ya ga kwaltar a lokacin, har ya yaba aikin. Ya tuɓe riga, ya ɗauki wuƙar yankan ciyawar ruwa, ya sauka. Ruwan ya kawo masa ƙirji. Ya laluba ƙasan jirgin har ya ji tudun, ya shiga kankara. Aikin Kawu ne, ba ya fita da sauƙi. Sai da ya yi kusan awa, yana nutsewa yana tasowa, yana zaro auduga baƙa ƙirin da ƙusa, Kawu na tsaye a sama yana cewa a dai bi a hankali, kwaltar mai kyau ce.

Da ya sake murɗa makulli, inji ya kama, ya yi busasshen tarin nan na ɗan lokaci, sai ga ruwa ya feso ta baya, ƙarar ta koma ƙasa-ƙasa, mai kauri. Shaukat ya ɗora tafin hannu a kan injin. Minti biyar, minti goma, ɗumi kawai.

Suka kama Baba suka zaunar da shi a kujerar direba. Ya shafa katakon gabansa da bayan hannu, ya daɗe yana shafawa.

"Shafi bakwai?"

"Bakwai, Baba."

"Ka yi gaggawa a na biyar. Amma ya yi." Ya kama sitiyari. "Sai dai jirgin nan ba a tuƙa shi da igiya babu kowa. Gulla, katakonka yana nan saman rumfa."

"Ni? Da furfurar nan? Yaya, ruwan fa ya fara sanyi!"

"Ladan kwaltarka ke nan."

Haka Kawu Gulla ya naɗe wando har gwiwa, tumbi a gaba, ya hau katakon yana salati. Shaukat ya tsuguna kusa da uban yana faɗa masa hanya: dama kaɗan, Baba, akwai bado, miƙe, fili ne. Ba a jima ba ya lura tsohon yana juya sitiyari tun kafin ya buɗe baki, sai ya daina faɗa masa hanya. Mata masu wanki a barandu suka miƙe suna kallo. Wani tsoho mai sayar da furanni ya tsai da kwale-kwalensa ya ɗaga filafili sama yana kiran sunan Sonaullah.

Kawu ya yi rabin tafkin a tsaye, har ya saki hannu ɗaya kamar da, kafin ya kife.

"Ya faɗi ko?" in ji Baba. "Na ji igiya ta yi sauƙi. Daidai nan yake faɗuwa tun yana saurayi."

Suka juya suka tsamo shi yana karkarwa yana zagin katako. Baba bai nufi gida ba, sai da ya ƙarasa zagayen, a hankali, har gindin manyan itatuwan bakin gaɓa da ganyensu ya fara ja.

Ranar Asabar da safe mota ta zo bakin hanya. Kafin ya shiga kwale-kwalen da zai fitar da shi, Baba ya laluba hannun Shaukat ya danƙa masa makullin.

"Kafin ƙanƙara ta sauko, ka zubar da ruwan cikin injin kaf, kada ya daskare ya fasa shi. Kuma kome za a yi, kada ka bar kawunka ya kusance shi da kwalta."